Ranar da muka rufe littafi, ni da Auta

Takardar sakamakon zangon farko sai da ta kwana uku a jakar Auta kafin wani ya sa ta a ido. Umma ce ta ci karo da ita tana neman wani abu daban, ta ɗauko ta ajiye mini a kan tebur, ba ta ce uffan ba har na dawo daga aiki. Lissafi 31. Kemistiri 38. Sauran darussan da dama-dama, Turanci ma har da yabon malami a gefe. Ga shi ajin ƙarshe take a sakandare, tsakaninta da jarrabawar fita bai fi wata bakwai ba.

"Kai ne ka yi irin karatun nan," in ji Umma. "Sai ka san yadda za ka yi da ƙanwarka."

Abin da ya ɗaure mini kai, yarinyar nan ba raguwa ba ce. Da idona nake ganinta kullum dare, littafi a buɗe, maka, wato alƙalamin shafa wa rubutu launi, a hannu, tana bin layi-layi tana shafawa har shafin ya rine gaba ɗaya. In aka ce a nuna mai ƙoƙari a gidanmu, ita za a nuna. To ina ƙoƙarin yake zurarewa?

Ban tsaya neman amsa ba. Abin da ya fi mini sauƙi na yi, wato tara mata kaya. Na shiga intanet na sauke bidiyon darussa sun fi saba'in, na haɗa da littattafai masu shafi ɗari-ɗari, na tura mata a waya. Na sa aka shigar da ita rukunin ɗalibai har uku, inda ake watso tambayoyi dare da rana. Na sayo wani ƙaton littafin bita da sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Ina sauke bidiyo ina jin kamar nauyin da Umma ta ɗora mini nake saukewa. Kullum na dawo sai in leƙa in ce, "Auta, ana kallo dai ko?" Ta ce, "Ana kallo, Yaya." Shi ke nan, in wuce ɗakina raina a kwance.

Mako uku muka yi a haka.

Wata Asabar ban fita ba, na zauna kusa da ita tana kallon wani malami yana warware lissafi a allo. Malamin ya iya, ba laifinsa. Bayaninsa tsaf, mataki bayan mataki, ita kuma tana gyaɗa kai. Da ya gama na ce, "Kin gane?" Ta ce, "Na gane sarai." Na kife wayar, na jawo takarda na rubuta x² − 5x + 6 = 0, irin wanda ya gama yi ke nan, lambobi kawai na sauya. Ta buɗe baka biyu, ta sa x a kowanne, sai biro ya tsaya. Minti ɗaya, minti biyu. Ta miƙa hannu wajen wayar, na dafe.

"Yaya, yanzun nan fa na ga ya yi."

"Kin ga ya yi. Yanzu ke nake so in ga kin yi. Waɗanne lambobi biyu ne in aka ninka su za su ba da 6, in aka tara su su ba da −5?"

Ta ce 2 da 3. Na ce a tara su mu gani. Ta ce 5. Na ce to alamar ɗebewar fa? Shiru. Nan gabana ya ɗan faɗi, sai na sauko ƙasa. Na rubuta −3 − 5, ta ba ni −2. Na ƙara saukowa, na rubuta rabi a tara da sulusi, wato 1/2 + 1/3. Ba ta ko yi jinkiri ba ta rubuta 2/5: ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa.

Na zana dogon akwati na raba shi gida goma. Na ce ta shafe rabi, ta shafe gida biyar. Na zana wani irinsa na ce ta shafe 2/5, ta lissafa ta shafe gida huɗu. Na ce, "Kina da rabi, an ƙara miki wani abu a kai, kuma kin koma ƙasa da rabi. Wane irin ƙari ne wannan?" Ta zuba wa takardar ido, ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Ni ma ban ji daɗi ba, domin a lokacin na gane abin da na yi mako uku ina yi. Ramin tun ƙaramar sakandare yake, wataƙila ma tun firamare, ni kuwa ina ta jibga mata rufi a kan ginin da ba shi da tushe. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki na tafi makarantarsu. Auta ta roƙe ni kamar me kada in je, wai ƙawayenta za su ce ta yi wani laifi. Na je. Malamin lissafinsu dattijo ne, hannunsa duk alli, ga tulin littattafan jinga a gabansa da ko rabi bai duba ba. Na zayyana masa abin da na gani, har da tarin kayan da na haɗa mata, ina ɗan jiran ya yaba.

"Malam, ka rage mata kayan nan," ya ce. "Littafi ɗaya ya isa, wanda muke amfani da shi a aji. Ka taɓa ganin manhajar jarrabawar da za ta zauna?"

Ban taɓa ba. Na cika waya da manhajoji, amma manhajar da ta fi kowace muhimmanci, wadda hukumar jarrabawa ke fitarwa ta jera duk abin da za a iya tambaya, ko tunaninta ban yi ba. Ya ba ni kwafi, ya haɗa mini da tambayoyin shekarun baya. Ya kuma gaya mini abubuwa biyu da suka yi mana amfani har ƙarshe. Na farko, a tambayoyin da ake warwarewa a rubuce, mai duba takarda yana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kuskure, don haka ɗalibin da ke yin aiki a ka ya rubuto amsa tsirara kansa yake cuta. Na biyu, hukumomin jarrabawa da yawa suna fitar da rahoton masu duba takardu bayan kowace jarrabawa, inda ake faɗin wuraren da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Ya ce kyauta ne, amma da wuya ka ga mai karantawa. Da zan tafi ya ƙara da cewa, "Ka ce mata ta riƙa zuwa tana tambayata. Shekara biyu tana ajina, ban san muryarta ba."

Manhajar nan muka baje a ƙasa, muka bi ta batu-batu. A yadda na rarraba ta, lissafi ya tashi batutuwa 46. Da farko na ce ta sa alama a gaban wanda ta iya, sai na ga tana shirin sa wa kusan duka, na tuna da "na gane sarai". Muka sauya: kowane batu zan ciro tambaya biyu daga na shekarun baya, ta yi littafi a rufe. In ta ci biyun, mu sa kore. In ta ci ɗaya, rawaya. In babu ko ɗaya, ja. Asabar da Lahadi biyu wannan aikin ya cinye mana. Kore 9, rawaya 14, sauran 23 ja wur. Na ɗauka ganin jan zai karya mata gwiwa, sai na ga akasin haka. Ta ce, "Ashe ma suna ƙirguwa." Da can abin duhu ne kawai mara iyaka, yanzu ya zama jerin da ake iya ragewa.

A 'yan kwanakin nan ne na koma karatu ni ma, ina neman dalilin da mutum zai kwana a kan littafi ya tashi hannu wofi. Abin da na samu ya ba ni kunya, saboda ni ma haka na yi tawa sakandaren, sa'a kawai na ci. A shekarar 2006 wasu masana biyu a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu su karanta. Wani lokaci a sa su sake karantawa, wani lokaci a karɓe takardar a ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, maimaita karatu ne a gaba, kashi 81 cikin ɗari a kan 75. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: inda aka matsa musu su tuno da kansu sun riƙe kashi 56, inda suka maimaita karatu kuwa 42. Wato maimaitawa tana da daɗi a ranar, tana sa mutum ya ji ya iya, shi ya sa ba a rabuwa da ita. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu goma da ɗalibai suka saba da su. Biyu ne suka fito a sahun gaba, gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kan kwanaki maimakon a dunƙule ta a dare ɗaya. Shafa wa layi launi da sake karanta shafi suna can sahun baya. Ban nuna wa Auta wannan ɓangaren ba sai daga baya, don maka ɗin nan tana ji da ita.

Maganar rarraba bita kuwa tsohuwa ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan ta rage sauri, kuma duk tishin da aka yi yana sauƙaƙa na gaba. A 1972 wani ɗan jarida, shi ma Bajamushe, Sebastian Leitner, ya mayar da wannan fahimta akwatin katuna. Shi muka kwaikwaya.

Kwalin takalmi ne, muka raba shi gida uku da guntayen kwali. Kowane kati tambaya a gaba, amsa a baya. Sabon kati gida na ɗaya yake shiga, ana duba shi kullum. In ta amsa daidai ya matsa gida na biyu, na duk bayan kwana uku. In ta sake ci ya koma na uku, na mako-mako. In ta faɗi, ko daga ina yake, ya dawo gida na ɗaya, ba lallashi. Katunan farko da ta rubuta ba su da amfani: ta kwafe sakin layi guda a bayan kati da ƙananan haruffa kamar tururuwa, littafin ne dai ya sauya kama. Muka yayyaga su. Doka ta zama kati ɗaya, tambaya ɗaya, amsar da ba ta wuce numfashi ɗaya ba. "Giram nawa ne mol ɗaya na ruwa?" A baya: 18, domin haidurojin biyu 2 ke nan, oksijin 16. (Mol ma'auni ne na adadin ƙwayoyin sinadari a kemistiri.) "Ƙwayoyi nawa ne a mol ɗaya?" A baya: 6.02 × 10²³. Akwai manhajar waya mai suna Anki da ke yin wannan aikin da kanta, tana ma lissafa ranar da ya kamata kati ya dawo, kuma mun gwada ta. Aikinta lafiya lau. Matsalar ita ce wayar da take ciki, don a nan saƙonnin ƙawaye suke shigowa. Muka koma wa kwalinmu.

Kati yana riƙe ma'ana da dabara da lamba, amma ba ya koya wa mutum warware lissafi. Wannan sai hannu ya yi ta yi. A nan ne littafin kurakurai ya shigo, kuma in da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk abin da muka yi, shi zan ɗauka. Littafin rubutu ne na kawai. Duk tambayar da ta faɗi sai ta kwafe ta a ciki, ta rubuta amsar da ta bayar, ta rubuta ta daidai, sannan a ƙasa ta faɗi dalilin faɗuwar da bakinta. Dalilan huɗu muka yarda da su: ban sani ba, na sani na manta, ban karanta tambaya ba, gaggawa. Ta tsani littafin nan da farko. Wa ke son ajiye kundin abin kunyarsa? Bayan wata guda muka ƙirga, kurakurai 60. "Ban sani ba" 17 ne kacal. "Ban karanta tambaya ba" ya kai 22.

Wannan adadin ya buɗe mana wata ƙofa. Auta tana jin Turanci, makinta ma ya nuna, amma Turancin takardar jarrabawa daban yake. Kalma ɗaya a farkon tambaya ita ke faɗin ko jero abubuwa ake so, ko bayyana dalili, ko kwatanta abu biyu, ko a sauƙaƙa lissafi ba tare da an nemo amsar lamba ba. Ita kuwa da ta hango lambobi sai ta afka musu. Muka ƙirƙiro wata al'ada tamu: kafin biro ya taɓa takarda, sai ta faɗa mini da Hausa me aka ba ta, me kuma ake nema. In ta kasa faɗa da Hausa, to ba ta gane ba, komai santsin Turancin da za ta maimaita. Sau da yawa tana tsakiyar faɗa sai ta katse kanta, "Au! Ashe faɗin da'irar aka bayar, ba rabinsa ba."

Intanet ba mu yi watsi da shi ba, matsayinsa muka sauya. Na goge bidiyon nan saba'in, na fitar da ita daga rukuni biyu cikin ukun. Sabuwar ƙa'ida ita ce ba a buɗe bidiyo sai an kafe a kan wata tambaya takamaimai, kuma da malamin ya rubuta misali a allo za a dakatar, ta gwada da kanta, sannan a saki a ga inda aka rabu. Don cike ramin su rabi da sulusi da lambobin ƙasa da sifili, Khan Academy, wani dandalin koyarwa a intanet, muka yi amfani da ita, ɓangaren atisayenta musamman, inda ake jefo tambaya bayan tambaya har sai hannu ya faɗa. Sai da ta koma darussan 'yan firamare, abin ya yi mata ciwo, ta ce kada in gaya wa kowa. Na ba ta labarin yadda dandalin ya samo asali: Salman Khan a 2004 wata 'yar'uwarsa ƙarama ya fara koya wa lissafi daga nesa, a 2006 ya fara ɗora bidiyon a YouTube, a 2008 abin ya zama cibiya mai zaman kanta da ba ta neman riba. Na ce, "Kin ga shi ma da ƙanwa ya fara." Ta ce, "Shi ai ba ya yi mata tsawa." Za mu zo kan wannan.

A kemistiri, abin da ya warware mana wani tsohon ƙulli shi ne PhET, tarin gwaje-gwajen kimiyya na kwamfuta da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 2001, ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002. Kyauta ne, ana kuma iya sauke su a yi aiki ba data. Auta in aka ba ta H₂ + O₂ → H₂O aka ce ta daidaita ɓangarorin biyu, sai ta ƙara ƙaramar 2 a gindin O na dama, ta mayar da shi H₂O₂. Lissafi ya daidaita, amma ruwa ya tashi daga ruwa ya koma wani sinadari daban da ba a sha. Na yi bayani har na gaji. A PhET kuwa ƙananan lambobin ba sa taɓuwa, na gaba kawai ake iya ƙarawa ko ragewa, kana ƙarawa kana ganin ƙwayoyin suna bayyana, ga sikeli yana rinjaya hagu ko dama. Ta sa 2 a gaban H₂O, oksijin ya daidaita, haidurojin ya karkace. Ta sa 2 a gaban H₂, sikeli ya tsaya cak. Minti goma ba su cika ba. Ta juyo ta ce, "Yaya, me ya sa ba ka ce mini adadinsu ake ƙarawa ba?" Na faɗa ya fi sau biyar, amma na yi shiru. Gani ya kori ji.

Manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum kuwa, na kama ta tana ɗaukar hoton jinga tana turawa, amsa ta fito ta kwafe. Ban hana ta su ba, don na san hanin ba zai yi aiki ba. Na ce ta juya abin: ita za ta warware, sannan ta nemi a nuna mata layin da ta kauce, ko ta ce a yi mata tambayoyi biyar a kan batu kaza. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta ba mu amsar da ta saɓa da ta bayan littafi, cikin cikakkiyar gadara. Muka bi lissafin da hannu, littafi ne da gaskiya. Tun daga ranar ta daina ɗaukar maganarsu kamar yankan wuƙa.

Jadawalin da na zana mata a farko, na mala'iku ne. Awa huɗu kullum bayan makaranta, kowane darasi da gidansa, har da launi. Kwana tara ya yi ya rushe. Muka dawo awa ɗaya da rabi a ranakun makaranta, awa uku ranar Asabar, Lahadi katuna kawai. Dabarar nan ta Francesco Cirillo, ɗan Italiya, ta minti 25 na aiki da 5 na hutu, ta yi mana daidai a kan katuna da bayoloji, amma a lissafi sai ta fara kama bakin zare agogo ya kaɗa. Muka mayar da shi 40. Rigimar barci ma mun sha ta. Likitocin barci suna cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, ita kuwa a ganinta wanda bai raba dare ba bai yi karatu ba. Sai da ta lura da kanta cewa kurakuran "gaggawa" sun fi taruwa washegarin daren da ta yi doguwar hira da littafi, sannan ta sassauta.

Ƙawayenta uku suka fara zuwa ranar Asabar. Zama biyu na farko hira ce zalla, littattafai a buɗe don kunyar idona. Na ce kowace ta riƙa zuwa da tambaya biyar da ta riga ta warware, da batu ɗaya da za ta koya wa saura a tsaye. Ɗaya ta daina zuwa. Biyun da suka rage sun ɗore har ƙarshe, kuma na lura ranar da Auta za ta koyar, shirin da take yi ya ninka na ranar gwaji.

Sai gwajin tsakiyar zango na biyu ya zo: lissafi 44. Wata biyu da rabi na wahala, ƙarin maki 13. Na duba takardar na ga ta sake yin kuskuren alamar ɗebewa, wanda yake cikin littafin kurakurai har sau huɗu. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce mata abin da bai kamata ba, wai ko dutse aka yi wa wannan bayanin da ya ji. Ta ture littafin ya faɗi ƙasa. "Ni dai kaina ba na lissafi ba ne, Yaya. Ka bar ni." Kwana uku ba ta zauna teburin ba, gaisuwa ma da ƙyar.

Umma ce ta kira ni. "Kai malaminta ne ko yayanta?" Na ce duka biyun nake ƙoƙarin zama. Ta ce, "To malamai tana da su a makaranta. Je ka ba ta haƙuri." Na je na bayar, ba tare da na haɗa da "amma" ba, wanda ya fi mini komai wuya. Daga nan muka ɗauko takardar gwajin muka bi ta da sanyin rai, sai ga abin da fushi ya hana ni gani: duk tambayar da ta fito daga batutuwan da muka riga muka bi, ta ci ko ta kusa. Inda ta zubar da maki, jajayen da ba mu kai gare su ba ne. Hanyar tana aiki, tafiyar ce da saura.

Bayan wannan rikicin na janye jiki kaɗan. Na matsa mata ta je wurin malaminsu da tambayoyin da suka gagare mu. Ranar farko ta dawo tana mamaki, wai ashe yana dariya. Katuna kuma Umma ta karɓe su. Ba ta san kemistiri ba ko na sisin kwabo, amma tana iya karanta abin da ke bayan kati, kuma ba ta da sassauci. In Auta ta fara kame-kame sai in jiyo muryarta daga ɗaki, "A'a, ba haka aka rubuta ba. Koma gida na ɗaya." Na sha tunanin iyaye nawa ne suke ganin ba su da abin da za su taimaka da shi don ba su yi boko mai zurfi ba, alhali aikin da ya fi wuyar samun mai yi shi ne a zauna a riƙe kati a yi tambaya.

Wata biyun ƙarshe na cikakkun takardu ne. Kowace Asabar takarda ɗaya ta shekarun baya, agogo a kan tebur, waya a ɗakin Umma, ba tashi ba tambaya. A karon farko lokaci ya ƙare tana da tambaya uku da ba ta taɓa ba, saboda ta kafe a kan guda ɗaya minti ashirin. Ta koyi tsallakewa ta dawo, ta koyi rubuta kowane mataki ko da tana shakkar amsar. Jajaye suka ragu daga 23 zuwa 6. Shidan nan mun bar su da gangan, muka ce gara a ƙarfafa rawaya. Inda na yi sakaci shi ne fiziks. Da yake makinsa na farko bai yi muni ba, na ɗauke ido daga kansa, ban taɓa yi masa gwajin kore da ja ba.

Sakamako ya fito. Lissafi ta samu makin da ake nema don shiga jami'a, ba da rata mai yawa ba, amma ta samu. Kemistiri ya fi kowanne kyau, abin da ko a mafarki ban zata ba. Fiziks da ƙyar ta tsallake, kuma na san wuyan wa wannan yake.

Kwanan baya ina gyara teburin na ci karo da littafin kurakurai, bangonsa ya tattare, shafukan farko cike da rubutun mai jin haushi. Na buɗe shafin ƙarshe sai na ga tambayar da na tuna. Ana saura mako guda jarrabawa ta kawo mini ita: giram nawa na oksijin ake bukata don ya haɗu da giram 4 na haidurojin a samu ruwa? Na duba sama-sama na ce 36. Ta ce 32. Na ce ta sake lissafi. Ta ce, "Yaya, faɗa mini da Hausa, me ake nema?" Na sake karantawa. Nauyin ruwan na bayar, oksijin aka tambaya. Muka yi dariya ta wuce, ban san ta rubuta ba. Ga shi nan da hannunta, tsaf yadda muka saba: tambaya, amsar da aka bayar, amsar daidai. A layin dalili ta sa: "Yaya bai karanta tambaya ba."